ChatGPT a hannun Bahaushen Jidda: inda take biyan buƙata da inda take gazawa

Mafi yawan Hausawan da ke zaune a Jidda da Makka suna jin Larabci, amma jin nasu iri-iri ne, kuma daga wannan bambancin ne ya kamata a auna amfanin manhajar ChatGPT. Akwai waɗanda aka haifa a nan, jikokin mahajjatan da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, suka ratso Chadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya, waɗanda a yau Larabcin Hijaz ne harshensu na farko, Hausa kuwa sai an zo gaban kaka. Akwai ɗaliban ilimi da suka sha nahawu da balaga, ko da yake sanin nahawu bai cika koya wa mutum yadda ake tsara takardar koke zuwa ofishin hukuma ba. Sai kuma sauran jama'a, direbobi da teloli da masu aikin kago da 'yan kasuwa, waɗanda za su yi ciniki, su yi gardama, su yi barkwanci da Larabcin titi babu gargada, amma da zarar an miƙa musu takarda mai shafi huɗu da Larabcin hukuma sai su shiga neman mai karanta musu. Ina aiki ne a wani ofishin aika kaya zuwa Najeriya da Nijar a tsohon garin Jidda, inda irin waɗannan mutane suke shige da fice kullum, don haka su ne a raina yayin da nake wannan sharhi.

Kamfanin OpenAI na Amurka ne ya fito da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, kuma sai a cikin 2023 aka buɗe ta a hukumance ga mazauna Saudiyya. Tana cikin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, kuma asalin aikinta shi ne an horar da ita a kan ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabace ta. Wanda ya riƙe wannan bayani zai fahimci kusan duk abin da zai biyo baya, domin inda rubutu ya yawaita a duniya, kamar Larabcin littattafai da na ofisoshi, takan yi rawar gani, inda kuwa rubutu ya yi ƙaranci ko kuma doka ta sauya jiya, takan yi rauni ba tare da ta canza murya ba.

Aikin da ta fi burge ni a kansa shi ne rubuta wasiƙa. Duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san masu rubuta ma'arud, waɗanda suke zama a kusa da ofisoshin gwamnati suna tsara wa mutane koke a kan 'yan kuɗi, kuma ya san cewa wasiƙar hukuma tana da ladubbanta: basmala, laƙabin girmamawa ga wanda aka rubuta wa, sallama cikakkiya, bayani a taƙaice, sannan roƙo da addu'a. Manhajar ta san wannan tsari sosai. Wani dattijo maƙwabcina ya zo mini da damuwar cewa ruwa yana ɗiga daga rufin ɗakinsa, mai gidan kuma yana ta yi masa gobe da jibi. Na rubuta wa manhajar labarin da Hausa kamar yadda ya faɗa mini, na nemi ta mayar da shi wasiƙar Larabci zuwa ga mai gida. Abin da ta fara kawowa ya yi tsawo, ya kuma cika yabo har maganar ruwan ta kusa ɓacewa, sai na ce ta rage shi zuwa layi goma, ta ambaci cewa yarjejeniyar hayar tana da rajista a Ejar, dandalin hukuma na harkar haya, ta kuma nemi a yi gyaran cikin mako guda. Ta yi hakan, har ta ƙara jumla guda da ke nuna cewa idan ba a yi ba, mai haya zai bi hanyar da doka ta tanada. Daga nan na sa ta dawo da wasiƙar zuwa Hausa domin dattijon ya ji abin da zai sa wa hannu. Da na karanta masa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, cire wannan maganar ta doka. Mutumin nan sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, ba na son ya ga kamar na zare masa ido." Na ce, "To Baba, an cire." Manhajar ta maye gurbin jumlar da roƙo mai taushi wanda bai zubar da haƙƙinsa ba.

Wannan mataki na mayar da wasiƙa zuwa harshen mai ita shi ne, a ganina, abin da manhajar ta fi marubucin bakin ofis da shi, domin marubucin yakan rubuta, ka biya, ka tafi da takardar da ba lallai ne ka san kowace jumlarta ba, alhali a nan kana iya gyara sau goma ba tare da wani ya gaji da kai ba. Abin da marubucin ya fi ta da shi kuma shi ne ya san wane ofis ne yake karɓar wace takarda, da wace taga ake miƙawa, da abin da ya daina aiki tun bara.

Karanta takarda ya fi rubuta ta muhimmanci ga ma'aikaci, kuma a nan ne na fi ba da shawarar a yi amfani da ita. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanadi cewa Larabci ne harshen kwantiragi, kuma idan an rubuta shi da harsuna biyu, nassin Larabcin ne abin dogaro idan aka sami saɓani. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya karanta ɓangaren Turanci kawai, ko wanda ya dogara da abin da aka faɗa masa da baki tun a gida, bai san abin da ya amince da shi ba lokacin da ya danna amincewa a Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago inda ake tabbatar da kwantiragi. Ana iya ɗaukar hoton kowane shafi a ba manhajar, a ce ta yi bayani sashe bayan sashe da Hausa mai sauƙi, ta fitar da albashi na asali daban da alawus na gida da na sufuri, ta nuna tsawon lokacin gwaji, ta kuma faɗi ko kwantiragin mai wa'adi ne ko marar wa'adi. A gwajin da na yi da takardun da nake iya karantawa da kaina, bayaninta yakan dace da abin da ke rubuce, matuƙar hoton ya fito sarai kuma ba a naɗe takardar a kan lambobi ba. Rubutun hannu da hatimin da ya hau kan rubutu su ne suke ruɗa ta.

Ga misali da lissafin ladan ƙarshen aiki, wanda shi ne tambayar da ta fi zuwa mana daga masu shirin komawa gida. Doka ta ba ma'aikaci rabin albashin wata a kan kowace shekara ta shekaru biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayansu, kuma da albashin ƙarshe ake lissafin. Wanda ke karɓar riyal 2,500 kuma ya yi shekara bakwai, yana da 6,250 na shekaru biyar da 5,000 na shekaru biyu, jimilla 11,250. Amma idan shi ne ya ajiye aikin da kansa, lissafin ya sauya: daga shekara biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku zai samu, sama da biyar zuwa ƙasa da goma kashi biyu cikin uku, sai wanda ya cika goma ne yake karɓar duka. Mutumin namu ke nan zai tashi da 7,500. Manhajar tana yin wannan lissafi daidai idan an ba ta cikakken bayani, kuma tana nuna matakan ɗaya bayan ɗaya ta yadda mutum zai iya bi da biro da takarda. Sai dai duk manhajoji irinta suna amsa tambayar da aka yi musu ne, don haka wanda bai faɗi cewa shi direban gida ne ko mai aikin gida ba zai iya samun lissafin da bai shafe shi ba, saboda ma'aikatan gida suna ƙarƙashin ƙa'ida ta daban, kuma kwantiraginsu ta dandalin Musaned yake bi. Ma'aikatar da ke kula da ƙwadago tana da nata ma'aunin lissafi a shafinta na intanet, kuma da shi ya kamata a rufe magana kafin a tunkari kafili, wato uban gidan da ma'aikaci yake zaune a ƙasar nan ƙarƙashin sunansa.

A harkar shago kuwa, amfaninta ƙanana ne amma masu yawa. Tana tsara saƙon talla na dabinon ajwa da sukkari da safawi da Larabci da Hausa da Faransanci a lokaci guda, abin da ke da amfani ga mai sayar wa alhazan Nijar da Kamaru. Tana mayar da jerin kayan da aka rubuta a gaggauce zuwa jadawali mai nauyi da farashi. Tana kuma warware kuskuren da ƙananan 'yan kasuwa suka saba yi da harajin kaya, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020: idan farashi da haraji riyal 230 ne, asalin kuɗin 200 ne harajin 30, ba 34 da rabi ba kamar yadda mai cire kashi 15 daga jimillar zai samu. Fitar da rasit ɗin hukuma dai ba aikinta ba ne, domin wannan yana da tsarinsa na Fatoora da hukumar zakka da haraji da kwastan ta wajabta tun Disambar 2021.

Hausarta ce inda yabona yake raguwa. Tana fahimtar Hausar da aka rubuta mata, har wadda aka cakuɗa da Larabci irin ta mutanen nan, inda igama (katin izinin zama) da kafili da jawazat (hukumar fasfo) suke shiga cikin jumla ba tare da neman izini ba. Amma idan ita ce za ta yi dogon bayani, Hausar takan fito da ƙamshin fassara, jumlolin suna tafiya a kan ginin Turanci, wani lokaci ta rikita namiji da mace, wani lokaci ta zubar da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ. Mai karatu zai gane abin da ake nufi, sai dai ba Hausar da za a aika wa surukai ba ce sai an bi ta da gyara. Ɓangaren murya ya fi wannan rauni. Ana iya yin hira da ita baki da baki da Larabci, har ta bi Larabcin Hijaz gwargwado, amma idan aka yi mata Hausa da sauri, musamman Hausar tsofaffi ko ta Sakkwato ko ta Damagaram, takan ji wani abu daban. Wannan babban giɓi ne a wurinmu, tunda al'ummarmu da saƙon murya take rayuwa a WhatsApp, kuma waɗanda suka fi kowa buƙatar mai karanta musu takarda su ne waɗanda ba za su iya buga tambaya da yatsa ba. Dalilin raunin sananne ne: rubutacciyar Hausa da naɗaɗɗiyar muryarta a intanet ba su kama ƙafar na Larabci ba. Saboda haka ban yarda da iyayen da ke miƙa wa 'ya'yansu haifaffun nan manhajar domin ta koya musu Hausa ba, in dai akwai kaka a gida.

Sai maganar kwanan wata, wadda a ƙasar nan ba ƙaramar magana ba ce. Wa'adin igama da takardu da dama da kalandar Hijira yake tafiya, shekarar Hijira kuma kwana 354 ce ko 355, wato tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A lissafin Hijira hukuma tana bin kalandar Ummul Ƙura ne, wadda take iya saɓa wa lissafin Hijira na gama-gari da kwana ɗaya ko biyu, manhajar kuma kalma take hasashe, ba kalanda take dubawa ba, sai fa idan an umarce ta ta bincika. Kuskuren kwana ɗaya kuwa yana iya jawo tara. Wanda yake son sanin ranar ƙarewar igamarsa ya buɗe Absher, manhajar ma'aikatar harkokin cikin gida, domin a can ranar take a rubuce.

Haka abin yake ga dokokin da ke sauyawa. Tarar yin aikin Hajji ba da izini ba riyal 10,000 ce a 2024, amma a 2025 aka ɗaga ta har zuwa 20,000, kuma an yi wa dokar ƙwadago gyare-gyaren da suka fara aiki a farkon 2025. Manhaja irin wannan tana da lokacin da karatunta ya tsaya, kuma halinta tamkar na ɗan rakiya ne mai jin kunyar cewa bai san hanya ba, wanda zai nuna maka wata kwana da cikakken ƙarfin gwiwa. Kamfanin da kansa ya rubuta a ƙasan shafin cewa tana iya yin kuskure kuma a tantance muhimman bayanai. Maganin da na ga yana aiki shi ne a umarce ta ta bincika intanet ta kawo madogara, sannan a buɗe madogarar a ga ko shafin hukuma ne, a kuma duba shekarar da aka wallafa shi. Abin da ya shafi izinin Umara da ziyarar Rauda, manhajar Nusuk ta ma'aikatar Hajji da Umara ce mai magana ta ƙarshe.

A kan addini matsayina ya fi tsauri. Tana da amfani wajen sauƙaƙa wa ɗalibi wata jumla mai wuya a littafin fiƙihu, ko yin lissafin zakka idan an ba ta farashin zinariya na ranar, tunda nisabin giram 85 ne kuma abin fitarwa kashi biyu da rabi cikin ɗari. Amma manhajojin nan an san su da haɗa lafazi mai kama da hadisi su jingina shi ga littafi da lamba, alhali babu shi a wurin, ko kuma yana nan da wani lafazin. Wanda zai yaɗa hadisi a zauren WhatsApp ya fara duba shi a littafin da aka ambata ko a taskar hadisi ta shafin Durarus Saniyya. Rabon gado da saki da hukuncin wanda ya bar wajibi a Hajji kuwa, abin kunya ne mutum yana zaune tsakanin Harami biyu, malamai suna karantarwa bayan kowace salla, ya miƙa su ga waya. Sakamakon asibiti ma haka: tana iya bayyana ma'anar kalmomin da ke jikin takardar gwajin jini domin mutum ya san abin da zai tambayi likita, amma canza magani ba nata ba ne, kuma ga layin ma'aikatar lafiya na 937 ana amsawa dare da rana.

Akwai abin da nake gani a ofis wanda yake tayar mini da hankali, wato yadda mutane ke ɗaukar hoton igama da fasfo da katin banki su tura wa manhajar gaba ɗaya. Duk abin da aka tura yana fita daga wayar ne zuwa kwamfutocin kamfani, kuma a tsarin masu amfani na yau da kullum ana iya amfani da hirarrakin wajen ƙara horar da ita, sai idan mutum ya shiga saituna ya kashe wannan zaɓi ko ya yi amfani da hira ta wucin gadi. Rufe suna da lambar igama da ɗan guntun takarda kafin a ɗauki hoto ba ya rage komai daga ingancin bayanin da za ta bayar. Wanda kuma yake riƙe da takardun abokan ciniki ya sani cewa Saudiyya tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumbar 2023, don haka takardar wani amana ce a shari'a da kuma a doka. Lambar sirri ta Absher ko ta banki kuwa ba a ba kowa, mutum ne ko manhaja.

Game da kuɗi, akwai tsarin kyauta, akwai kuma na Plus a kan dala 20 a wata, wato riyal 75 a canjin hukuma na 3.75, kafin a ɗora haraji. Na kyautan ya wadatar da wanda buƙatarsa ba ta wuce wasiƙa ɗaya ko biyu a mako ba, da fassara saƙo, da ɗan lissafi. Inda yake cizo shi ne iyakar da aka sa wa yawan hotuna da takardun da za a iya turawa, ta yadda mai karanta dogon kwantiragi zai iya tsayawa a tsakiya ya jira sa'o'i. Ofis irin namu, da mai shagon da ke hulɗa da alhazai da harsuna uku, da ɗalibin da ke fama da manyan takardu, kuɗinsu yana fita. Direban da ke aika rabin albashinsa gida kuwa ban ga dalilin da zai sa ya ɗora wa kansa wannan nauyi na wata-wata ba, gara ya tara takardunsa ya bi su a hankali da na kyauta.

Ba ita kaɗai ce a kasuwa ba. Akwai Gemini ta Google, akwai Meta AI da ke zaune a cikin WhatsApp, wadda sauƙin isa gare ta ya sa wasu suka fara da ita, akwai kuma Humain Chat da wani kamfani mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya fitar a 2025 a kan tsarin ALLaM, wanda aka gina da Larabci a gaba. Google Translate ma, wadda ta saka Hausa tun 2013, har yanzu tana da wurinta idan allon hanya ko kwalin magani ake son karantawa da kyamara cikin gaggawa. Abin da ya sa na tsaya a kan ChatGPT a ofis shi ne tana riƙe zaren magana, ta yadda za a ce mata ta sassauta murya, ta rage tsawo, ta dawo da jumlar da aka cire, ta kuma yi hakan ba tare da an sake bayani daga farko ba. Idan takarda mai nauyi ce, kamar wadda za ta je kotun ƙwadago ta Najiz, dandalin ma'aikatar shari'a, nakan sa manhaja ta biyu ta karanta abin da ta farko ta rubuta ta fassara shi zuwa Hausa, sannan in kai wa wanda ya san aikin shari'a ya duba kafin a miƙa.